Sauron da Ya Ƙi Cizona

A tashar Birnin Ƙonni aka fara tambayata abin da ke cikin kwalin da na rungume. Wani dattijo ne mai sayar da tabarmi. Ya daɗe yana kallona, ya ga na ƙi ajiye kwalin a ƙasa, na ƙi ba yaran mota su ɗora shi bisa, sai jujjuyawa nake ina kare shi daga rana da jikina.

“Samari, ƙwai na ciki?”

“Sauro na, Baba.”

Ya gyara zama. “Sauro. Daga ina?”

“Daga Shagari.”

“Zuwa ina?”

“Bobo, can ƙasar Burkina.”

Ya dubi kwalin, ya dube ni. Sannan ya ce, cikin tausayi na gaske, “Su can ba su da nasu?”

Sunana Umaru, mutumin Horo Birni ne ni, a ƙasar Shagari. Gidanmu gero ake nomawa, ana kiwon shanu. Ni kaɗai na kauce na yi karatun ilimin halittu a Sakkwato, na ƙare a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Bodinga. Duk damina aikina ɗaya ne: in ɗiga jinin yaro a gilashi, in leƙa, in ga ƙwayar masassara ta cika shi. In na tambayi uwar ko suna kwana a gidan sauro, sai ta rantse suna kwana. Ni kuwa a raina in ce ƙarya take. Na yi shekara biyu ina ɗaukar alhakin matan mutane a haka.

Wata safiya a Dingyadi na bi wata mata har ɗakinta don in kama ta da ƙarya. Na tarar da gidan sauro sabo, mai magani, a ɗaure tsaf. A jikinsa kuma ga sauro zaune, cikinsa ja da jini. Bisa abin da aka koya mana, taɓa ragar nan kaɗai ya isa ya kashe shi. Na ja kujerar tsuguno na zauna ina jira ya faɗo. Matar ta kawo mini fura na sha, ta ɗauke ƙwaryar, shi yana nan. Da ya gaji da kallona ya tashi abinsa.

Daga ranar tambayar nan ta hana ni sakat. Me ya sa bai mutu ba? Shi kaɗai ne, ko duk sauron ƙasarmu haka ya koma? Na yi ta rubuta wasiƙu, har wata cibiyar bincike kusa da Bobo ta amsa. Suka ce suna da kayan gwajin, in zo shekara guda, amma da sharaɗi: in zo da sauron ƙasarmu da ransa, in raine shi a wurinsu har ya hayayyafa ya isa gwaji. In babu sauro, babu aiki.

Na yi mako guda ina bin ɗakunan mutane da sassafe a Mandera da Horo Birni da Dingyadi, da bututun roba a baki, ina zuƙo matan sauro daga bango da bayan tufafin da aka rataye. Mata kaɗai nake so, waɗanda suka sha jini, don su ne ke da ƙwai. Na zuba su a kofunan takarda, na rufe da raga, na ɗora auduga mai ruwan sukari. A lokacin an fara yankan gero, tafkuna sun fara janyewa. Na san in waɗannan suka mutu, ba ni da wasu sai wata daminar.

A Ƙonni ɗin ne aka fara cutata. Wani ɗan kamasho ya ja ni wurin wata mota da ya ce mutum ɗaya take jira. Na leƙa, ga mutane cike, na shiga da murna. Sai na lura duk sanda sabon fasinja ya zo, wani daga cikin na zaune yakan tuna bai yi fitsari ba, ya sauka, ba ya dawowa. Ashe ’yan zaman cika mota ne, aikinsu ke nan. Tun hantsi muke zaune, sai bayan la’asar muka tashi. Motar ta zama tanda. Da na buɗe kwalin, na ga baƙi-baƙi a gindin kofuna, kusan ɗaya cikin uku sun mutu. Raina ya ɓaci, ga shi ba wanda zan faɗa wa ya gane.

Wata Hajiya ce kusa da ni, ’yar Dogon Dutsi, fataucin goro take, za ta saro kaya ta hanyar Bobo. Ta leƙo kwalin ba tare da neman izini ba.

“Mi ka kashe su?”

“Zahi, Hajiya.”

“Ba su son zahi, ba su son bushewa?”

“Awo.”

“Yo ai goro na kar riƙa, ɗana. Yi mai irin na goro.”

Ta sa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo buhun algarara, ta jiƙa shi da ruwan butarta, ta matse, ta naɗe kwalin da shi, ta bar ’yar kafa don iska. Ba ta tambaye ni amfanin sauro ba sai da muka wuce Dosso. Da na yi mata bayani, sai ta ce jikokinta biyu masassara ta ɗauke, ta juya fuska wajen taga. Daga nan duk inda mota ta tsaya, kafin in motsa ta riga ta miƙo buta: “Yayyahwa musu.”

A Yamai muka kwana a rumfar tasha. Can cikin dare wani ma’aikaci ya shigo da gwangwanin feshi a kowane hannu, yana fesa maganin sauro, mutane suna sa masa albarka. Ban san sanda na suri kwalin na tsallake wani bawan Allah da ke kwance na yi waje ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Jama’a suka zaci ɓarawo ne, har an fara tasowa. Hajiya ce ta tare su, tana dariya har da hawaye, tana cewa su ƙyale ni, ’ya’yana nake ceto. A waje na shimfiɗa tabarma, nesa da rumfar.

Bayan Yamai Hausa ta fara ƙarewa. Da muka shiga Burkina ta ƙare ƙaf, aka bar ni da Faransancin da na haddace daga wani ɗan littafi, wanda bai wuce gaisuwa da tambayar banɗaki ba. A wani shinge mai kaki ya karanta takardun izinina daga farko har ƙarshe, ya ce in buɗe. Da ya ga abin da ke ciki sai ya ja da baya, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Suka kewaye ni suna leƙe kamar na zo da kura. Ɗaya ya tambaya ko sauron Nijeriya ya fi nasu girma. Hajiya ta fassara, na ce a’a, sai dai taurin kai. Suka yi dariya suka sallame mu.

Kwana uku muka yi a hanya. A tashar Bobo muka rabu. Na cire buhun zan mayar mata, ta ce in riƙe. Ta ɗora hannu a kan kwalin ta ce, “Allah shi raya maka su.” Sai ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki. “Astagafirullahi! Ni Mariyama, yau ni ka yi ma sauro addu’a.” Ban sake ganinta ba, ban ma san sunan unguwarsu ba.

Shugabar sashen da aka kai ni sunanta Dakta Awa, mace mai saurin tafiya da ƙarancin magana. Da Turanci muke yi da ita. Ta ƙirga waɗanda suka rage, ta ce sun isa in Allah ya so, sannan ta miƙa ni ga Baba Sedu, tsohon da ke kula da ɗakin rainon sauro tun kafin a haife ni. Ya ɗan iya Hausa, a wurin mahauta da fataken shanu ya tsinta. Ɗakin kuwa ɗumi da laima kamar daren damina, kejina na raga jere a kan kanta, kowanne da sunan mai shi.

Baba Sedu ya karanta mini dokokin ɗakin da yatsu. Ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, ba taba. Na ciro kwalbar turaren da nake shafawa ran Juma’a na ba shi ajiya, don ya ga da gaske nake. Doka ta ƙarshe ita ce kowa da hannunsa yake ciyar da nasa. Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini, saboda haka mai keji zai ɗora damtsensa a kan ragar, ya daure na kwatan awa. Ba hatsari a ciki, don wanda aka ƙyanƙyashe a ɗakin bai taɓa cizon kowa ba, ba shi da cutar da zai ba mutum.

Waɗanda na kawo suka zuba ƙwai a jiƙaƙƙiyar takarda, sannan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aikinsu ya ƙare. Na sa ƙwan a madubin ƙara girma, na ga kowanne da ’yan jakunkunan iska a gefe biyu don kada ya nutse. Na girma cikin sauro, na kashe dubbai da tafin hannuna, ban taɓa sanin haka Allah ya ƙera ƙwansa ba. Kwana biyu suka fashe, tsutsotsi suka cika farantan ruwa. Ina barbaɗa musu garin abincin kifi, ina tsayawa kallon yadda suke kwanciya a saman ruwa suna shaƙar iska, in inuwata ta gifta su nutse gaba ɗaya. Sau da yawa sai Baba Sedu ya taɓa ni kafin in san an tashi aiki.

Da zarar na fita daga ɗakin nan kuwa, kewa ce ke tarbata a ƙofa. Ɗan ɗaki na kama a bayan wani gida. Mutanen kirki ne, suna aiko mini da tuwon masara da miyar kuɓewa, amma hirarmu ba ta wuce murmushi. Nakan yi kwana uku ban faɗi magana mai tsawo da Hausa ba. Ina marmarin fura da nonon gidanmu har in ji ɗanɗanonta a baki. Abin da ke riƙe ni shi ne wani gwado da na tarar a jakata.

Ni ne ɗan fari, kuma Innarmu ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunana ba. “Wancan” nake, ko “yayanku.” Ba ta zama inda nake zaune, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanwata Dije, ko da ina tsaye a wurin. Da na faɗi zancen tafiyata, sai ta ci gaba da tankaɗenta. Saura mako guda Dije ta zo ta kwashe tufafina, ta ce Inna ta ce a kai a wanke. Suka dawo a ninke cikin jaka, da ƙarin gwadon nan a ƙasa. Ranar tafiya ma Inna ba ta fito ba. Na saba, amma ban taɓa daina jin abin a raina ba.

Gwadon ƙamshin ɗakinta yake yi. Duk zafin Bobo, da shi nake lulluɓa har kai, hannuwana a ciki. Da safe in ninke shi in mayar jaka tare da rigunana, don ba ni da wurin rataya.

Kwana goma sha biyu da zuwana kejina ya cika da sauro sabbi ful, ’ya’yan Shagari da Bodinga haifaffun Bobo. A ranar ne aka aiko wa Baba Sedu rasuwar yayansa, ya tafi ƙauye. Na naɗe hannun riga, na ɗora damtse a kan ragar, na rufa baƙin ƙyalle, na cije baki ina jiran zafi. Kwatan awa ya wuce ban ji komai ba. Na ɗaga ƙyallen, sai na ga duk sun koma can ɗaya ɓangaren sun jeru, kamar mata sun ga suruki.

Dakta Awa ta ce ba abin mamaki ba ne, sauron daji yakan yi gardama a keji kafin ya saba. Ta ce in cire musu sukari su ji yunwa. Na cire, suka ƙi. Na gwada da asuba, na gwada da magariba. Na kashe fitila, na ƙara laima, na canja keji. Na kawo na’urar da ake zuba jini mai ɗumi a ciki a rufe da fata mai laushi, na ɗaura musu da hannuna, ko kallonta ba su yi ba. Wani abokin aiki ya ce warin ƙafa na jan su, na kwana biyu da safa ɗaya na rataya musu. Suka taru a kan safar, da na kawo hannu suka watse.

Abin ya dame ni, amma kuma ya ba ni sha’awa, ba zan ɓoye ba. Na sayi littafi ina rubuta komai: ƙarfe nawa, zafi nawa, me na ci, ina suka tsaya. Na zargi ruwan Bobo, na zargi abincin kifi, na zargi fentin kanta. Har na fara tunanin ko na gano wani sabon irin sauro ne da ba ya son jinin mutum, na ga sunana a littattafai. Akwai kuma abin da na gani ban rubuta ba. Da yamma in muna zaune a tsakar gida, mutanen gidan suna ta tafka wa ƙafafunsu mari, ni ko ɗaya ba ya sauka a kaina. Na ma yi alfahari da haka, na nuna musu da hannu cewa jinina ɗaci gare shi.

Sauro ba ya daɗewa a duniya. Kowace safiya ina share gawarwaki daga gindin keji da ɗan buroshi, kowace safiya suna fin na jiya yawa. Bayan mako biyu Dakta Awa ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in ba a sami ƙwai ba zuwa ƙarshen mako, ba abin da zan zauna yi. In koma gida, in sake kamowa baɗi, amma ba ta yi mini alkawarin gurbin zai jira ni ba. Na fito na zauna a kan dakali. Na tuna na ajiye aikina na Bodinga, na tuna yadda mutanen Mandera suka buɗe mini ɗakunan kwanansu suna dariya, na ga kaina ina sauka a mota da jaka da buhun algarara. Tsoro ya kama ni sosai.

Ran Laraba Baba Sedu ya dawo. Na yi masa ta’aziyya, ya amsa, ya wuce kai tsaye wurin kejina. Matan da suka rage ba su fi a ƙirga da ido ba. Ya ce in yi yadda na saba ya gani. Na ɗora hannu, suka kauce. Ya daɗe yana kallo. Sai ya naɗe hannun rigarsa, ya ture nawa, ya ɗora nasa.

Kafin in ƙifta ido sun sauka. Ina kallo cikinsu yana kumbura yana yin ja. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma ji haushi har wuya. Sauron garinmu, da na rungumo iyayensu kwana uku, na kwana a waje dominsu, su ƙi ni su bi baƙo!

Baba Sedu ya ce, “Sauro ya lafiya. Kai ne ba lafiya.”

Aka kira Dakta Awa. Maimakon ta yi fushi, sai idonta ya yi haske, ta jawo kujera. Ranar ni na zama abin gwaji. Aka kawo wani keji na sauron cibiyar, waɗanda ba su taɓa ƙin kowa ba. Na ɗora hannu, suka kauce. Na wanke hannu har kafaɗa da sabulu marar ƙamshi, ’yan kaɗan suka matso. Ta ce in tuɓe rigar da ke ƙarƙashin farar rigar aiki. Aka yafa ta a damtsen Baba Sedu, waɗanda ke kansa suka tashi.

Na ce ai na wanke rigar nan ba sau ɗaya ba. Ta tambaye ni ina nake ajiye ta in ta bushe. Na faɗa. Ta ce in je in ɗauko jakar yadda take.

A waje muka buɗe ta, nesa da ɗakin. Baba Sedu ya ciro gwadon ya kai hanci, ya faɗi wata kalma da yarensu, ya yi dariya. Ya kama hannuna ya ja ni bayan katanga, bakin wani kwari, ya tsinko wani ganye ya murje ya miƙo mini. Ina shaƙa na ga garken gidanmu da magariba, Inna tana jefa ganyen nan a wuta hayaƙi na bin shanu. Bunsurun fadama ne. Muka koma ga gwadon, Dakta Awa ta bi gefensa da yatsa, ta ji wani abu na ƙaras-ƙaras. An cusa busasshen ganyen a cikin kalmasa, an bi da ɗinki ƙanana, zagaye guda.

Ni mai digiri, mai littafin rubuta zafi da laima, na yi wata guda ina kwana cikin maganin sauro ina zuwa da safe ina roƙon sauro ya cije ni. Na ba da kwalbar turarena da hannuna, amma wannan ban taɓa lissafa shi cikin ƙamshi ba. A hancina ba ƙamshin wani abu ba ne, gida ne kawai.

Dakta Awa ta roƙi a yanka mata faɗin tafin hannu daga gefen gwadon, tana son ta san kwana nawa ƙarfinsa ke yi. Na ba ta, amma ban iya kallon almakashin ba. Sauran aka ɗaure a leda, Baba Sedu ya tafi da shi gidansa tare da jakar, ya ara mini riguna biyu da suka tsaya mini a cibiya. Kwana biyun da suka biyo ban yi barcin kirki ba. Ɗakin ya koma ɗakin haya kawai, sauron Bobo kuma suka fanshe wata gudan da suka yi suna kallona.

Waɗanda suka sha jinin Baba Sedu sun yi ƙwai ran Asabar, ’yan kaɗan, amma sun isa Dakta Awa ta ce in zauna. Daga su ne zuriyar ta taso, da ita muka yi gwajin, muka ga da yawa daga sauron ƙasarmu suna taɓa maganin ragar su tashi. Matan Bodinga gaskiya suke faɗa mini. Ganyen Inna ma mun gwada shi: yana kora na ɗan lokaci, ba ya kisa, ba ya kuma maye gurbin gidan sauro. Wannan aikin nake yi har yau tsakanin Bodinga da Shagari. Amma duk wannan daga baya ne.

A makon nan dai Dakta Awa ta matsa tana son sanin yadda aka haɗa hayaƙin. Na aika wa Dije saƙo ta kira ni in ta je gida. A Horo Birni waya ba ta kamawa sai a wasu wurare, saboda haka ba ni ke zaɓar lokaci ba. Kiran ya shigo ran Litinin da hantsi, daidai na ɗora damtsena a kan kejin, a karo na farko tun da aka raba ni da gwadon. Na ɗauka da hannun hagu. A daidai lokacin na ji tsinin farko ya shiga, sai na biyu, sai na daina ƙirgawa.

“Yaya, kana lahiya? Ga ni gaban Inna, bakin rumbu. Mi kaka son a tambaye ta?”

Na ce ta tambaye ta me ta sa wa tufafina. Na ji Dije ta maimaita. Wata akuya ta yi kuka. Sannan na ji muryar Inna daga ɗan nesa, ba da ni take ba, da Dije take.

“Ce mai bunsurun hwadama na, da ɗan turaren wuta don kar shi yi wari cikin mutane. Kwana ukku suna shan hayaƙi bisa kwando. Sauran nis sa ga gwado.”

Dije ta fara maimaitawa, na ce na ji. Na ce ta tambaye ta dalili.

“Dalili? Yo ba shi yac ce gidan sauro za shi ba? Shekara guda cikin sauro, ƙasar da ba shi da kowa. In masassara ta kada shi, wa ka ɗebo mai ruwa? Ban iya hana shi tahiya. Abin da niy iya, shi niy yi.”

Shekara ashirin da tara ina duniya, ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a kaina ba. Ashe ranar da take tankaɗe tana ji. Damtsena yana ƙuna, ba halin in motsa, don in na motsa za su tashi ba su ƙoshi ba.

“Yaya, kana ji? Tac ce a tambaye ka, ya yi aiki? Ba su taɓa ka ba dai?”

Na ɗaga gefen ƙyallen na leƙa. Duk macen da ta rage a kejin tana kan hannuna, cikinta ja.

Na ce, “Ce mata ya yi aiki. Wata guda cur, ko ɗaya bai taɓa ni ba.”

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi sauran ba. Na ji Dije ta isar. Na ji Inna ta ce, “To, madalla,” da irin muryar da take yi in saniya ta haihu lafiya. Sai ta ƙara wata magana a hankali.

“Tac ce in ƙamshin ya hita, ka hwaɗi. Ta shanya wani, tana jiran mai zuwa.”

Na ce, “Ta aiko.”

Wayar ta yanke. Saura minti shida a agogon bango. Hawaye na zuba, hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan ba halin ɗagawa, haka na bar su suna gangarowa har sauron suka ƙoshi.